Ƙasan kogo mai tsananin zurfi: sanyi ne, ba zafi ba

An daɗe ana zaton duk wanda ya gangara kogo mai zurfi zafin cikin ƙasa zai gasa shi. A ramin haƙar zinariya na Afirka ta Kudu haka ne. Amma kogon Veryovkina da ke Abkhaziya, wani yanki a gaɓar Baƙin Teku, ɗaya daga cikin koguna mafi zurfi da aka sani, fiye da mita 2,200, sanyinsa ke sa haƙora kaɗawa.

Dalili kuwa, bakinsa can saman dutsen Arabika yake, kuma daga bakin ake auna zurfi. Ka sauka, ka sauka, har yanzu kana cikin dutsen. Ga ruwan ƙanƙarar da ta narke yana kwararowa ta tsagogi, yana jiƙa igiya da safar hannu. Ruwan ma ya fi komai haɗari: a 2018 ambaliya ta taso daga ƙasan kogon, masu bincike suka tsira da ƙyar.