Mene ne "utopi"? Ma'anarta da labarin garin da aka gwada ta sau biyu

Duk wanda ke sauraron muhawara a rediyo ko yake cikin guruf ɗin WhatsApp na 'yan boko a nan Garwa ya san wannan kalmar. Da zarar wani ya kawo shawara mai daɗin ji, misali a haɗa kai a yi ƙungiya a daina kai wa dillalai albasa da araha, sai ka ji wani ya ce ai wannan utopi ce, shi kenan an kashe maganar. Masu Faransanci suna cewa utopi, 'yan uwanmu na Najeriya masu Turanci suna cewa yutopiya, duk abu ɗaya ne, kuma abin da mutane ke nufi da ita yau shi ne mafarkin ido biyu, tsari mai kyau a baki wanda ba zai taɓa yiwuwa a ƙasa ba.

Asalinta sunan littafi ne. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas More, ya fitar da shi a 1516, ya ƙirƙiro wani tsibiri inda babu mai cewa wannan nawa ne, ba a ciniki da kuɗi a tsakaninsu, kowa na aikin awa shida a rana ya je rumbun jama'a ya ɗebi abin da yake bukata. Sunan daga harshen Girka ya haɗo shi, ma'anarsa wurin da babu shi. Waɗanda suka yi karatun Larabci, musamman mutanen Injamena da Abeshe, za su tuna Al-Farabi ya riga shi da ɗaruruwan shekaru da zancen madinatul fadila, birnin da komai nasa ke kan daidai. To amma abin da masu jefa kalmar ba su cika sani ba shi ne akwai mutanen da ba su tsaya a littafi ba, sun sayi fili da kuɗinsu sun gina gari sun ce bari mu gwada mu gani. Akwai wani ɗan ƙaramin gari a jihar Indiana ta Amurka, a bakin kogin Wabash, sunansa New Harmony, shi har sau biyu aka gwada a cikinsa, kuma gwajin biyun ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Na farko wani Bajamushe ne, George Rapp, daga yankin Württemberg. Ya ɓata da cocin gwamnati a can, aka matsa masa, sai ya kwaso mabiyansa suka ƙetare teku, suka fara zama a Pennsylvania, sannan a 1814 suka gangaro Indiana suka sayi daji mai faɗin gaske, sama da hekta dubu takwas, suka sa wa wurin suna Harmony, wato jituwa. Dokarsu a fili take: duk wanda zai shiga sai ya miƙa dukiyarsa gaba ɗaya ga jama'a, ita kuma jama'a ta ɗauki cinsa da suturarsa da maganinsa har ya mutu. Sun yi imani Annabi Isa ya kusa dawowa, a zamaninsu ma, don haka tun 1807 suka ɗauki ra'ayin barin aure da kwanciyar iyali, har ma'aurata aka so su zauna kamar wa da ƙanwa. Shekarun farko zazzaɓin cizon sauro ya kashe musu mutane da yawa, don wurin fadama ce, amma cikin shekara goma kacal mutanen nan da ba su kai dubu ba sun tayar da gidajen bulo, injin niƙa, masaƙa, gonakin inabi, suna loda gari da tufafin ulu a kwale-kwale ana kaiwa har New Orleans. Ta fuskar kuɗi dai sun ci riba ba wasa ba. Da suka ga kasuwa ta yi musu nisa ga maƙwabta ba sa ƙaunarsu, sai suka sa garin dungurungum a kasuwa suka koma Pennsylvania suka kafa wani mai suna Economy.

Wanda ya saya a 1825 shi ne Robert Owen, kuma shi ne ya sa wa garin New Harmony. Mutumin Wales ne, ya yi arziki da masaƙar auduga a New Lanark ta Sikotlan, kuma a gaskiya ba a banza ya yi suna ba, don a zamanin da ake sa yara 'yan shekara shida aiki a masana'anta shi ya hana ɗaukar wanda bai kai goma ba, ya rage awannin aiki, ya buɗe makarantar ƙananan yara a 1816. Tsarin nan na awa takwas aiki, takwas hutu, takwas barci da ma'aikata ke taƙama da shi yau, yana cikin waɗanda suka fara kiransa. Ra'ayinsa shi ne ba a haifar mutum da mugun hali, wurin da ya taso ne ke gina shi, in ka gyara wurin ka gyara mutum. Ya je har majalisar Amurka ya yi jawabi a kan haka, shugaban ƙasa na zaune yana ji, sannan ya yi shela cewa duk mai himma da kyakkyawar niyya ya zo.

Nan fa gizo ke saƙar. Wa zai ce shi ba mai kyakkyawar niyya ba ne? Cikin 'yan watanni mutane wajen ɗari takwas zuwa dubu suka cika garin, ba tantancewa ba komai, akwai masu aƙida da gaske, akwai waɗanda kasuwa ta karye musu, akwai 'yan cin banza da suka ji ana ba da ɗaki da abinci. Shi kuma maigidan da ya kira taron bai zauna ba, ya bar ɗansa William, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya koma Birtaniya na tsawon watanni. Injinan da mutanen Rapp suka bari suna nan lafiya lau amma babu isassun masu sana'ar da za su tayar da su, ɗakunan kwana ba su isa ba, gonaki ba a kula da su yadda ya kamata. A watan Janairun 1826 aka kawo wani jirgin ruwa shaƙe da masana, har ana masa kirari da jirgin ilimi, cikinsu akwai William Maclure masanin duwatsu wanda ya zuba kuɗinsa a harkar, da Thomas Say masanin ƙwari, da Bafaranshe Charles-Alexandre Lesueur, da malamar makaranta Marie Fretageot. Manyan mutane ne wallahi, amma garin da ke neman maƙeri da magini da manomi aka kawo wa masu nazarin dodon koɗi.

In kana son gane bambancin gwajin biyu ka dubi gandu irin na gidajenmu na da. Gandu na tafiya ne saboda akwai maigida da kowa ke jin maganarsa, an san juna, kuma an bar wa kowa 'yar gayaunarsa da zai noma don aljihunsa. Na Rapp gandu ne mai maigida mai ƙarfin gaske, wanda ake tsoron saɓa masa kamar saɓa wa addini. Na Owen kuwa babu maigida tsayayye, babu gayauna, ga baƙi da ba su taɓa ganin juna ba an ce su ci a akushi ɗaya. Sai rigimar da kowa zai iya hasashe ta taso, wa ya yi aiki wa bai yi ba, shin awa ɗaya ta mai koyar da kiɗa daidai take da awa ɗaya ta mai huɗa a rana, kuma me ya sa 'yan gayu ba sa son zama kusa da leburori a wurin rawa alhali an ce kowa ɗaya ne. Aka yi ta taro ana sauya tsarin mulki, cikin shekara biyu an sauya shi ya fi sau biyar, wasu suka ɓalle suka kafa nasu a gefe. Wani abu ma da bai kamata mu tsallake ba mu da muke baƙar fata: a dokar farko ta wannan garin na daidaito, baƙar fata ba ya zama cikakken ɗan ƙungiya, sai dai a ɗauke shi mai taimako.

Owen da kansa ya ƙara wa wutar fetur. Ranar 4 ga Yulin 1826 ya tashi ya yi jawabi ya ce abubuwa uku ne suka addabi ɗan Adam, mallakar dukiya ta ƙashin kai, da addini irin wanda ake yi, da aure irin wanda aka gina a kan waɗannan biyun. Masu ibada a cikinsu suka ji ba za su iya ba, jaridu suka samu abin yayatawa. Ga shi kuma sun saɓa da Maclure a kan kuɗi har gaban kotu. Zuwa 1827 magana ta ƙare, Owen ya tafi bayan ya narkar da mafi yawan dukiyarsa. Ɗaya daga cikin mazauna, Josiah Warren, daga baya ya ɗora laifin a kan hana mutum ikon kansa da abin hannunsa, har ya je Cincinnati ya buɗe kanti inda ake biya da awannin aiki.

Ni dai a ganina masu cewa utopi don su rufe bakin mutum suna sauƙaƙa abin da yawa. Na Rapp ya yiwu fa, shekara ɗari ƙungiyar ta yi, abin da ya ci ta shi ne rashin haihuwa, Rapp ya mutu a 1847, tsofaffi suka yi ta mutuwa babu magada har aka rufe ta wajen 1905. Na Owen ya rushe da wuri, amma masanan nan da ba su iya huɗa ba da yawansu sun zauna a garin, kuma su ne suka bar abin da ake tunawa. Maclure ya kafa ɗakin karatu na ma'aikata a 1838 wanda har yau yana aiki. 'Ya'yan Owen suka zama 'yan Amurka, Robert Dale Owen ya shiga majalisa ya tsaya kan dokar da ta kafa Smithsonian, babbar cibiyar bincike da adana kayan tarihi ta Amurka, a 1846, David Dale Owen ya zama babban mai binciken ma'adinai na gwamnati yana aikinsa daga garin, Richard Owen kuma shi aka fara naɗawa shugaban jami'ar Purdue. Garin yana nan a gundumar Posey, mutanensa ba su kai dubu ba, kowa da gidansa da aljihunsa kamar ko'ina, kuma wani ɓangare na abincinsu daga 'yan yawon buɗe ido yake fitowa, masu zuwa kallon gine-ginen bulon da mutanen Rapp suka bari.