Askarawan Zamfara a ma'aunin doka: abin da aka ba su da abin da aka hana su

A ranar 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara a Gusau, mutum 2,646 da aka ɗebo daga ƙananan hukumomi 14 na jihar, aka horar da su, aka ba su kaki da babura da motocin sintiri. Tun daga lokacin mutanen karkara suka saba ganinsu a mashigar gari da bakin kasuwa, har wasu suna ɗaukarsu sojojin gwamna. Sunan ma yana ƙarfafa wannan zato, domin askar kalma ce da muka aro daga Larabci, ma'anarta soja. Sai dai a idon doka askar ba soja ba ne, ba kuma ɗan sanda ba ne. Farar hula ne da jiha ta ɗauka aikin taimaka wa jami'an tsaro, kuma daga wannan matsayin ne iyakar ikonsa take fitowa.

Tushen maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 214 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, ya kuma hana a kafa wata rundunar 'yan sanda ga Tarayya ko ga wani ɓangare nata. Sashe na 217 ya kafa sojojin ƙasa da na ruwa da na sama, sashe na 218 kuma ya miƙa ragamarsu ga Shugaban Ƙasa. A ƙarshen kundin akwai jerin batutuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka, kuma a cikinsu akwai makamai da harsasai da abubuwan fashewa, da tsaron ƙasa, da soja, da 'yan sanda. Ma'anar wannan ita ce, ko da dukan 'yan Majalisar Dokokin Jihar Zamfara sun ɗaga hannu sun amince, ba su da ikon kafa soja, ba su kuma da ikon ba wa wani izinin riƙe bindigar yaƙi.

Gwamna da ake yi wa laƙabi da babban jami'in tsaro na jiha, shi ma ikonsa yana da takunkumi. Sashe na 215 ya ba shi damar ba kwamishinan 'yan sanda umarni a kan tabbatar da zaman lafiya, amma sashen ya ƙara da cewa kwamishinan yana iya neman a miƙa maganar ga Shugaban Ƙasa ko ministan da aka wakilta kafin ya aiwatar. A kan soja kuwa gwamna ba shi da ta cewa sai roƙo da tallafi. Kwamandan Fansan Yamma, rundunar sojan da ke yaƙi da 'yan bindiga a yankin, yana zaune a Gusau, amma daga Hedikwatar Tsaro ta Abuja yake karɓar umarni.

To, da wace hujja jihohi suke kafa irin waɗannan rundunoni? Suna jingina da sashe na 14, wanda ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar gwamnati, da sashe na 4 da ya ba majalisar jiha ikon yin doka domin zaman lafiya da kyakkyawan mulki, da kuma sashe na 11 da bai hana jiha yin doka a kan tsaron jama'a ba. An gwada ƙarfin wannan hujja a Janairun 2020, lokacin da gwamnonin Kudu maso Yamma suka ƙaddamar da rundunar tsaron yankinsu mai suna Amotekun a Ibadan, Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce rundunar haramtacciya ce. Daga baya aka sasanta a kan kowace jiha ta kai maganar gaban majalisarta ta yi mata doka. Wannan hanyar ce ta zama abin koyi, har Katsina ta kafa tata rundunar a 2023, Sakkwato ma ta biyo baya a 2024. A ganina hujjar ta isa ta halatta kafa rundunar taimako, amma ba ta isa ta mayar da ita 'yan sanda ba, duk yadda aka ƙawata kakin.

Inda maganar ta fi zafi shi ne batun bindiga. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko su ne haramtattu, waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa: bindigogi masu sarrafa kansu, da gurneti, da rokoki, da ƙananan bindigogin hannu, da bindigogin soja masu cin harsashi milimita 7.62, wato ajin da AK-47 take ciki. Wanda aka kama da ɗaya daga cikinsu ba tare da izini ba, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara goma ne. Kashi na biyu su ne irin bindigogin farauta na zamani, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda muka sani da bindigar toka ko harba-ka-ruga, kuma su kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke da hurumin tsara yadda za a riƙe su. A duk matakan uku babu inda sa hannun gwamna shi kaɗai yake wadatarwa.

Zamfara ta ga wannan da idonta a watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta shawarci jama'a su nemi bindiga su kare kansu, ta kuma umarci kwamishinan 'yan sanda ya ba waɗanda suka cancanta lasisi. Ba a jima ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A shekarar ce kuma Gwamna Samuel Ortom na Binuwai ya nemi izinin saya wa masu gadin jiharsa AK-47, bai samu ba. Sakamakon wannan tsari a fili yake: ɓarawon daji da bai san wata doka ba yana saɓe da bindigar yaƙi, wanda aka tura ya tare shi kuma an ɗaure masa hannu da abin da lasisi ya yarda. Masu goyon bayan dokar suna da tasu hujjar, cewa bindigar da aka raba yau ba a san hannun da za ta faɗa gobe ba, musamman a shekarar zaɓe. Sashe na 227 ma saboda irin wannan tsoron aka rubuta shi, domin ya hana kowace ƙungiya tara mutane ta horar da su don nuna ƙarfi a kan wata manufa ta siyasa.

Sai batun kamu. Mu ɗauka ranar kasuwa ce, askarawa biyu suka ga wani mutum a kara yana cinikin shanu uku a farashin da bai kai rabin kuɗinsu ba, ga wani manomi ya riƙe igiyar ɗaya yana rantsuwa cewa sansa ne da aka kore masa makon jiya, har yana nuna tsagar da ke kunnensa. Doka ta ba askarawan damar riƙe mutumin, amma wannan dama ce da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da dokokin shari'ar laifuka suka ba kowane ɗan ƙasa idan an aikata laifi a gabansa, ko yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin babban laifi. Sharaɗin da ke biye da ita shi ne a miƙa wanda aka kama ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Daga nan sashe na 35 ya fara aiki: a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu ko gwargwadon abin da kotu ta ga ya dace. Askarawan ba su da ikon ɗaure shi a ofishinsu har mako, ko yanka masa tara, ko raba shanun da kansu. Dukansa don ya amsa laifi kuwa ya faɗa ƙarƙashin Dokar Hana Azabtarwa ta 2017, wadda hukuncinta yake kaiwa ɗaurin shekara 25, kuma ba ta karɓar uzurin cewa wani babba ne ya ba da umarni.

Kare kai daban ne. Sashe na 33 ya amince cewa ba a tauye haƙƙin rayuwa ba idan mutum ya mutu sakamakon ƙarfin da ya zama dole a yi amfani da shi wajen kare rai ko dukiya daga farmaki. Don haka askar da ya mayar da wuta lokacin da aka far wa gari doka tana bayansa. Wanda ya tare mutum a hanya ya kashe shi saboda ana zargin infoma ne, ko saboda ƙabilarsa, laifin kisan kai ne a kansa. Mutanen wannan jiha ba sa buƙatar a tuna musu yadda kashe-kashen kasuwa da aka danganta da 'yan sa-kai a shekarun baya suka hura wutar ramuwar gayya tsakanin Hausawa manoma da Fulani makiyaya, har gwamnatoci suka sha haramta ƙungiyar. Bambancin askar da ɗan sa-kai shi ne rajista da albashi da shugaban da za a tuhuma, kuma idan aka rasa na ƙarshen, sauran biyun ba su da wani amfani ga wanda aka zalunta.

Da yake askar ba soja ba ne, Dokar Sojoji ba ta hau kansa ba: idan ya yi laifi kotun farar hula za a kai shi, ba kotun soja ba. Haka nan idan ya rasu a fagen fama, haƙƙin iyalinsa yana wuyan jihar da ta ɗauke shi, ba ya cikin tsarin fanshon soja. Rashin kasancewarsa cikin jerin umarnin soja yana da wani haɗarin kuma, kamar yadda aka gani a ƙauyen Tungar Kara da ke Zamfara a Janairun 2025, inda harin jirgin yaƙi ya rutsa da masu tsaron gari da suka fito bin sawun 'yan bindiga.

Wasu ƙasashe masu tsarin tarayya sun warware wannan ƙulli da rubutacciyar doka. A Amurka tsarin mulki ya hana jiha ajiye sojoji a lokacin zaman lafiya sai da yardar majalisar ƙasa, majalisar kuma ta ba da wannan yarda, shi ya sa jihohi irin su Tekzas da Kalifoniya suke da rundunar tsaro ta 'yan sa-kai a ƙarƙashin gwamna, wadda gwamnatin tarayya ba ta da ikon janye ta zuwa cikin sojojinta. Mu ma a Arewa mun taɓa samun 'yan doka na hukumomin gargajiya, kafin gwamnatin soja ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya bayan 1966, bisa zargin da aka daɗe ana yi cewa ana amfani da su wajen musguna wa 'yan adawa.

A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba yiwuwar kafa 'yan sandan jihohi. Amincewar baki ba ta sauya sashe na 214, domin sashe na 9 ya shimfiɗa hanyar gyara kundin: kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa, da kashi biyu cikin uku na Majalisar Wakilai, sannan amincewar majalisun dokoki na jihohi aƙalla 24 daga cikin 36. Ko bayan an cika wannan, sai an taɓa jerin batutuwan da Tarayya ta keɓe wa kanta da kuma Dokar Makamai ta 1959 kafin wata rundunar jiha ta riƙe bindigar yaƙi da izinin gwamnanta.