Cavapoo da Maltipoo: ƙananan karnukan gida 'yan ruwa biyu

Cavapoo da Maltipoo ƙananan karnuka ne masu yawan gashi, waɗanda ake ajiyewa a cikin gida don ɗebe kewa, ba don gadi ko farauta ba. Dukansu 'yan ruwa biyu ne, kuma ta gefe ɗaya kakansu guda, wato ƙaramin Poodle. Idan aka yi barbararsa da Cavalier King Charles Spaniel sai a sami Cavapoo, idan kuwa da Maltese ne sai a sami Maltipoo. Manyan ƙungiyoyin rajistar karnuka na Birtaniya da Amurka, da FCI, ƙungiyar rajistar karnuka ta ƙasa da ƙasa mai mazauni a Beljiyam, ba su ɗauki ko ɗaya daga cikinsu a matsayin jinsi mai zaman kansa ba. Saboda haka babu wani ma'auni da aka tsayar na girmansu ko launinsu ko halinsu, har 'yan ciki ɗaya ma sukan fito daban-daban.

A Legas an fi ganinsu a gidajen Lekki, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja. Masu jin Hausa da ke hulɗa da su kashi biyu ne. Akwai masu saye don kansu ko don 'ya'yansu, akwai kuma masu gadi da direbobi da 'yan aikin gida, waɗanda maigida ke barin karen a hannunsu wuni guda ba tare da ya yi musu bayanin komai ba.

Asali

Poodle karen ruwa ne tun fil azal. A Jamus da Faransa an riƙa amfani da shi wajen ɗauko agwagwar da mafarauci ya harbo a tafki, daga baya aka riƙa zaɓen ƙanana ana haɗawa har aka sami masu ɗan jiki. A ma'aunin FCI mafi ƙanƙantarsu tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 24 zuwa 28 ne, mai bi masa kuma 28 zuwa 35. Waɗannan biyun ake sa wa a barbara. Abin da ake nema wurinsu shi ne kaifin basira da murɗaɗɗen gashin da ba ya yawan zuba.

Cavalier ɗan Ingila ne, an sa masa sunan Sarki Charles na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1660 zuwa 1685 kuma ya shahara da son ƙananan karnuka. A 1926 wani Ba'amurke, Roswell Eldridge, ya sa kyautar fam 25 a gasar karnuka ta Crufts ga duk wanda ya kawo kare mai ɗan dogon baki irin na tsofaffin zane-zane. Daga nan jinsin na yanzu ya taso, aka amince da shi a Birtaniya a 1945. Nauyinsa kilo 6 zuwa 8 ne ko kusa da haka. Maltese kuwa fari ne tas, daɗaɗɗen karen gida na yankin Bahar Rum, mai dogon gashi mai santsi, nauyinsa bai cika wuce kilo 3 zuwa 4 ba.

Yayin haɗa Poodle da wasu jinsuna ya ƙarfafa ne bayan 1989, lokacin da Wally Conron a Ostareliya ya haɗa shi da Labrador don sama wa wata makauniya karen ja-gora, domin mijinta ba ya jure gashin kare. Cavapoo ya yi kasuwa a Ostareliya a ƙarshen shekarun 1990, inda ake ce masa Cavoodle, Maltipoo kuma ya fi bunƙasa a Amurka. Conron da kansa ya fito daga baya ya nuna nadama, ganin yadda masu neman kuɗi suka mamaye harkar.

Kamanni da hali

Cavapoo ya fi girma da kauri, galibi tsakanin kilo 5 da 10, yana da dogayen kunnuwa da manyan idanu, launinsa ja ko ruwan zuma, ko fari da ja, wani lokaci baƙi. Maltipoo ya fi sirantaka, da yawansu ba sa kai kilo 6, sun fi zuwa da fari ko ruwan madara. Dukansu kan yi shekara 12 zuwa 15 idan an kula da su.

A wajen hali ne bambancin ya fi fitowa, ko da yake tarbiyya na canza abubuwa da yawa. Cavapoo yakan gaji sanyin ran Cavalier. Yana sakin jiki da baƙo, yana haƙuri da yara, ba shi da yawan haushi. Maltipoo ya fi shi zafin kai da sa ido, motsi kaɗan a ƙofa ya isa ya tayar da shi, kuma yakan zaɓi mutum ɗaya a gida ya liƙe masa. A gidan bene mai maƙwabta sama da ƙasa wannan haushin na iya jawo rigima da mai gidan haya. Ƙasusuwansa kuma sirara ne, faɗowa daga hannun yaro ko tsalle daga kan gado zuwa tayil na iya karya masa ƙafar gaba. Gidan da ke da ƙananan yara, Cavapoo ya fi dacewa da shi.

Abu ɗaya da suka yi tarayya a kai shi ne ba sa jure kaɗaici. Wanda ke fita da asuba don ya riga cunkoson gadar Third Mainland, ya dawo bayan isha'i, in babu kowa a gida to bai kamata ya ajiye ko ɗaya ba. Karen zai yini yana kuka, yana tauna ƙafar kujera, yana ɓata ɗaki da fitsari, kuma duka ba ya gyara wannan.

Lafiya

Masu talla sukan ce ɗan ruwa biyu ya fi iyayensa lafiya. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta fitar a 2024 ya duba cututtuka 57 da suka fi addabar karnuka, ya kwatanta Cavapoo da Cockapoo da Labradoodle, waɗanda duk 'yan ruwa biyu ne na Poodle, da jinsunan da suka haife su, ya tarar a mafi yawan cututtukan babu wani bambanci. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, abin da ke jinin iyaye shi zai bi ɗa.

Babban abin tsoro ga Cavapoo ciwon zuciya ne. A tsakanin ɗakunan zuciya biyu na hagu akwai wani murfi da ke hana jini komawa baya. A jinsin Cavalier wannan murfin kan fara lalacewa da wuri fiye da sauran karnuka, har ya zama shi ne babban sanadin mutuwarsu. Da farko ba a ganin komai, sai likita ya sa abin sauraro a ƙirji ya ji wani sauti na daban. Daga baya sai tari, musamman da dare, da saurin gajiya, da numfashi sama-sama ko yana kwance. Akwai magungunan da ke jinkirta shi, amma na har ƙarshen rai ne, kuma da tsada. Cavalier na da wata matsalar kuma, ƙoƙon kansa kan yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, sai ruwa ya taru a lakar baya, karen ya riƙa susar wuya a iska yana ihu in an taɓa shi. Waɗannan cututtuka na gado ne suka sa Kotun Ƙolin Norwe ta yanke hukunci a 2023 cewa hayayyafar Cavalier zalla ta saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi ta ƙasar. Haɗawa da Poodle na iya rage haɗarin, amma ba ya kawar da shi.

Matsalolin Maltipoo na ƙanƙantar jiki ne. Haƙoransa kan cunkushe a ɗan ƙaramin baki, su ruɓe tun yana da sauran shekaru in ba a goge masa. Ƙoƙon gwiwarsa kan zame, sai a ga yana ɗage ƙafar baya yana ɗingishi na ɗan lokaci. Maƙogwaronsa mai rauni ne, shi ya sa aka fi son a ɗaura masa igiya a ɗamarar ƙirji maimakon a wuya. Wasu kan zo duniya da jijiyar jini da ta kewaye hanta, sai su ƙi girma, su riƙa dimuwa bayan cin abinci. Ɗan kwikwiyon da ya wuce lokacin cin abinci sukarin jininsa na iya faɗuwa har ya suma. Ta gefen Poodle kuma dukansu biyu na iya gadon wata makanta mai zuwa a hankali, wadda gwajin ƙwayoyin halitta na iyaye ke iya ganowa.

Gashi da borin jini

Ana sayar da su da sunan karnukan da ba sa tayar da borin jini ko asma. Gaskiya ne gashinsu bai cika zuba ba, amma abin da ke sa atishawa da ƙaiƙayi yana cikin yawu da amosanin fata. Binciken da aka yi a gidaje a Detroit ta Amurka a 2011 bai ga bambancin yawan abin da ke sa atishawar ba tsakanin gidajen masu irin waɗannan karnuka da na sauran. Mai yaro mai asma ya fara kai shi ya zauna da karen kafin a biya kuɗi.

Gashin da ba ya zuba kuwa ba ya daina tsawo. Sai an taje shi kusan kullum har zuwa fata, a yi aski duk bayan mako shida zuwa takwas. In an yi sakaci sai ya dunƙule a hammata da bayan kunne, ya riƙe danshi, fata ta yi gyambo a ƙarƙashi. Farin Maltipoo kuma hawaye kan bar masa jan tabo a gefen ido, sai an riƙa gogewa.

Zama a Legas

Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma iskar Legas mai danshi tana rage amfanin hakin. Watannin Fabrairu zuwa Afrilu sun fi wahalar da su. A fita da su da sanyin safiya ko bayan magariba, domin kwalta da siminti da rana suna ƙona tafin ƙafa. Kada a bar su a rufaffiyar mota ko na ɗan lokaci. Idan wuta ta ɗauke, a buɗe taga, a ajiye ruwa, a bar su su kwanta a kan tayil. Cavapoo mai gajeren baki ko mai ciwon zuciya ya fi shiga haɗari. Idan kare ya fara haki ba ƙaƙƙautawa, yana dalalar da yawu yana tangaɗi, a jiƙa shi da ruwa mai ɗan sanyi a garzaya da shi asibitin dabbobi.

Kaska ba ta da lokaci a Legas, rani da damina tana nan, tana ɓuya a tsagar bango, kuma a cikin gashi mai kauri ba a ganinta sai an lalubo da yatsa. Tana ɗauke da cututtukan jini masu sa zazzaɓi da rashin ci, dasashi ya yi fari. Ƙaramin kare ba shi da jinin da zai jure wannan na dogon lokaci. Maganin feshin shanu da ake sayarwa a kasuwa na iya kashe kare mai kilo uku, a nemi wanda likita ya auna da nauyinsa. Da damina kunnen Cavapoo mai rufe rami kan yi wari da ruwa, sai an riƙa busar da shi bayan wanka. Akwai kuma ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa ko a tsumman da aka shanya, tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji.

Cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini, tana kashe 'yan kwikwiyo da yawa a Nijeriya. Ana fara rigakafinta daga mako shida zuwa takwas da haihuwa, a maimaita har wajen mako 16, kafin nan ba a fita da kwikwiyo titi. Allurar ciwon haukan kare ana yinta daga wata uku, ana sabuntawa. Ƙanƙantar kare ba hujjar ƙin yinta ba ce, domin da zarar alamun cutar sun bayyana ga mutum kusan babu tsira. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Mai kula da kare ya san cewa albasa, tafarnuwa, inabi, cakulan da goro duk guba ne gare shi, kuma dafaffen ƙashin kaza na iya tsaga masa hanji. Ragowar miya da tsire ba abincinsa ba ne.

Addini da maƙwabtaka

A al'adar Hausawa kare na farauta ne da gadi da kiwo, wurinsa waje. Hadisai a Bukhari da Muslim sun nuna ladan mai riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba yana raguwa kullum, kuma mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Saboda haka yawancin malamai ba su yarda Musulmi ya ajiye kare don sha'awa kawai ba, Cavapoo da Maltipoo kuwa ba su da wani aiki sai wannan. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai bin umarni ne. Wannan sauƙi ne ga mai gadin da aikinsa ya haɗa da ciyar da karen maigida. Hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa ya isa nuna cewa cutar da dabbar ba ta halatta ko ga wanda ba ya sonta. Masu jin Hausa Kiristoci daga Filato da Kudancin Kaduna ba su da wannan takura, amma a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, kamar na Agege ko Idi-Araba, kare mai lasar buta da hawa tabarmar salla zai ɓata zaman tare.

Saye

Ƙananan karnuka masu gashi da suka fi yawa a Legas su ne Lhasa Apso da Eskimo, kuma ɗan kwikwiyonsu na iya kama da Maltipoo a hoto. Tunda babu rajista, suna kaɗai ba ya tabbatar da komai. Mai saye ya je da kansa ya ga uwar tare da 'ya'yanta, ya ga katin rigakafi mai sa hannun likita, ya ƙi karɓar kwikwiyon da bai kai mako takwas ba, kada kuma ya tura kuɗi saboda hoton Instagram. Alamar F1 na nufin ɗan Poodle da ɗaya jinsin kai tsaye, F1b kuma an sake mayar da shi ga Poodle, don haka gashinsa ya fi murɗewa. Wanda aka shigo da shi daga waje yana buƙatar izinin hukumar kula da lafiyar dabbobi ta tarayya, kuma jami'an killace dabbobi na duba takardunsa a filin jirgin Murtala Muhammed. Mai neman Cavapoo ya tambayi shekarun Cavalier ɗin da ya haife shi da lokacin da likita ya saurari zuciyarsa na ƙarshe. Masana sun ba da shawarar kada a sa Cavalier a barbara kafin ya kai shekara biyu da rabi da lafiyayyar zuciya, iyayensa ma su kai shekara biyar ba a ji komai a tasu ba.