Jirgin yaƙin da ya nutse ba na kowa da kowa ba ne: abin da dokar Birtaniya ta ce wa masu nutso

Ƙwararrun masu nutso da ke sauka mita 60 ko 70 da tukwanen iska mai gauraye da hiliyom, su kwashe sa'o'i suna tsaye-tsaye a hanyar dawowa don kar iskar ta yi musu illa a jini, ba zurfin kaɗai ke gabansu ba, akwai doka. Birtaniya ta yi ta tun 1986 don kare ragowar jiragen soja, na ruwa da na sama, dalili kuwa a fili yake, da yawa daga jiragen nan gawarwakin sojoji na cikinsu har yau, maƙabarta ce kawai a ƙarƙashin ruwa.

Gida biyu dokar ta raba su. Na farko wanda aka ce an kare shi, nan kana iya sauka ka zagaya ka ɗau hotonka, amma fa kallo ne zalla, kar ka taɓa, kar ka tona, kar ka ɗauko ko cokali, kai ko ƙofa ka gani a buɗe ba ka da izinin kutsa kai ciki. Na biyu ya fi tsauri, shi kam nutson ma kansa laifi ne in ba ka da lasisin ma'aikatar tsaro.

Jirgin yaƙin Birtaniya HMS Hampshire na wannan sahu na biyu. Nakiyar Jamus ce ta nutsar da shi ran 5 ga Yuni 1916 kusa da tsibiran Okni a Sikotilan, da ministan yaƙi Lord Kitchener a ciki, mutum 12 kacal suka tsira, yanzu yana kife a ƙasan teku, kuma masu nutson da suka je duba shi a 2016 sai da suka karɓi lasisi tukun. Haka ma HMS Royal Oak da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbo a 1939, mutum sama da 800 suka mutu.

To amma inda gizo ke saƙa shi ne in an fita daga ruwan Birtaniya. Can dokar ba ta hawa kan kowa sai ɗan Birtaniya ko jirgin da ke hannun 'yan Birtaniya. Ga jiragen yaƙin Birtaniya Prince of Wales da Repulse da Japan ta nutsar ran 10 ga Disamba 1941 a gefen Malesiya, duka an kare su a takarda, amma 'yan gwangwan na ta yankar ƙarfensu da manyan injuna, har a 2023 Malesiya ta kama wani jirgin China da ake zargi da hakan, kuma da dokarta ta kama shi ba da ta Landan ba. A ganina nan dokar ta gaza, mai nutso mai bin ƙa'ida shi ta ɗaure, mai zuwa da injin ɗaga kaya ya kwashe jirgin kuwa hannunta bai kai gare shi.