Allurar hawan jini da ake ta magana a kai

Ranar Talata wata dattijuwa daga Tudun Jukun, a nan Zariya, ta zo wurina awon jini. Ta kwance bakin zaninta, ta zazzage mini ƙwayoyi kala uku, wasu har sun fice daga takardarsu. Ta ce, "'Yar nan, an ce akwai allurar da ake yi sau biyu a shekara. Rubuta mini ita in huta."

Ba ƙarya ta ji ba. Sunan allurar zilebesiran, tana rage wani sinadari da hanta ke yi, wanda daga gare shi ake samun abin da ke matse hanyoyin jini. Sai dai har yanzu gwaji ake yi. Duk wanda ya ce zai yi muku ita a kemis, a Sabon Gari ne ko a cikin birni, ku kama gabanku. Akwai kuma wani maganin sha, aprocitentan, da Amurka ta amince da shi a 2024, domin masu hawan jinin da ya gagari sauran magunguna. Wannan na ɗaiɗaikun mutane ne.

Abin da ya fi faranta mini rai a nan gida aka gwada shi. An haɗa magani uku, telmisartan da amlodipine da indapamide, a ƙwaya ɗaya tak. Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci gwajin a kan 'yan Najeriya 300, sakamakon ya fito a 2024, kuma jinin masu shan ta ya fi sauka a kan na masu shan magungunan da aka saba bayarwa. Ni ban yi mamaki ba. Yawancin waɗanda nake gani ba taurin kai ke sa su tsallake magani ba, gajiya ce da mantuwa, ga tsada. Mai ƙwaya ɗaya da wuya ya rikice.

Sai dai mai juna biyu, ko mai neman haihuwa, ba ta shan telmisartan, yana cutar da ɗan tayi. Don Allah a gaya wa likita tun farko.

Na ce, "Inna, kafin allura ta iso, kada ki ajiye waɗannan don kin ji sauƙi. Hawan jini ba ya sallama." Awonta ya haura 140 bisa 90, inda hawan jini ke farawa, nesa ba kusa ba. Na tura ta wurin likita a duba ko za a haɗe mata biyu a ƙwaya ɗaya, irin wannan kam ana samu a Zariya. Na kuma roƙe ta ta rage gishiri da magi a miya, ta daina sayen diclofenac don ciwon gwiwa, domin yana tayar da jini.