Ɗana yana faɗuwa kwas a jami'a: me zan yi, me zan bari?

Akwai wata irin waya da iyaye da yawa suka sani. Yaro ya kira, an gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta kewaye-kewaye, sai da aka zo sallama ya ce, "Abba, dama akwai wata magana." Ko kuma yarinyar da ta saba cika kunnen mahaifiyarta da labarin makaranta ta koma ba ta cewa komai sai "lafiya lau, Umma." Maganar dai ita ce wani kwas ya ƙi ci, kuma faɗuwa ta zo ko tana hanya. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi a irin wannan hali.

Me ya kamata in fara ce masa idan ya gaya mini?

Ka ce, "Na ji daɗi da ka faɗa mini." Sai ka yi shiru ka bar shi ya ƙarasa.

Na san da wuya. Abin da ke zuwa bakin uba a lokacin shi ne, "Duk wahalar da nake sha a kanka?" ko "Ɗan wane fa, ba tare kuka shiga ba?" Ɓacin ran gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne, domin wanda ya hana kansa ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya ji ciwo. Amma ka tuna yaron nan ya yi kwanaki yana shirya wannan magana, yana ɗaukar waya yana ajiyewa. Abin da ya gani a minti ɗaya na farko shi zai koya masa ko nan gaba ya zo maka da matsala tun tana ƙarama, ko ya binne ta sai ta yi wari. Idan zuciyarka ta kawo wuya, ka faɗa masa a fili: "Raina bai yi daɗi ba, amma na ji. Bari mu yi magana gobe da safe." Wannan ya fi ka furta abin da zai yi shekara goma yana tunawa.

A 2016 Kyla Haimovitz da Carol Dweck na Jami'ar Stanford sun wallafa wani bincike da ya nuna cewa yara suna lura da yadda iyayensu ke kallon faɗuwa. Iyayen da ke ɗaukar ta a matsayin masifa, 'ya'yansu sun fi yarda cewa basira a ƙayyade take, ba ta ƙaruwa. A kan ƙananan yara aka yi binciken, amma a ganina ɗan shekara 19 ma fuskar iyayensa yake karantawa kafin ya yanke wa kansa hukunci.

'Yata ita ce ke zuwa ta ɗaya a sakandare. Ta yaya za a ce ta faɗi?

Wannan ya fi faruwa fiye da yadda ake zato, kuma sau da yawa masu kaifin ƙwaƙwalwa yake samu. A sakandare malami na bin ɗaliba, yana duba littafinta, yana kiran sunanta idan ba ta zo ba. Mai saurin fahimta tana iya saurare a aji, ta duba rubutunta daren jarrabawa, ta ci. A jami'a babu mai bin ta. Ƙa'idar da aka daɗe ana faɗa wa ɗalibai ita ce kowace awa ɗaya ta lacca tana buƙatar kamar awa biyu na karatun kai. Wadda ba ta taɓa buƙatar koyon yadda ake karatu ba, a nan take fara cin karo da bango.

Ki tambaye ta yadda take karatu, ba awa nawa ba. Da yawa za su ce suna maimaita karanta rubutun lacca, suna ja wa muhimman wurare layi. Idan ido ya saba da shafi, sai mutum ya ji kamar ya iya, alhali ganewa ce kawai, ba riƙewa ba. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada haka: ɗaliban da suka maimaita karatu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka gwada kansu ne suka yi gaba. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna hanyoyin karatu 10, suka sa gwada kai da rarraba karatu cikin kwanaki a sama, maimaita karantawa da jan layi kuma a ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kwas irin lissafi ko kimiyyar sinadarai ba ya shiga kai a dare ɗaya.

Wani ɓangaren kuma ba daga ita ba ne. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun haɗa bincike 225 kan kwasakwasan kimiyya, injiniyanci da lissafi. A azuzuwan da malami ke ta bayani ɗalibai na saurare kawai, kusan kashi 34 cikin 100 ne ba su tsallake ba. Inda ake sa ɗalibai warware tambayoyi a cikin aji, kusan kashi 22 ne. Wato 'yarki ba ita kaɗai ba ce a wannan jirgin, kuma jin hakan kansa magani ne. Tun a 1982 Timothy Wilson da Patricia Linville suka nuna wa 'yan shekarar farko masu damuwa da sakamakonsu cewa makin ɗalibai kan ƙaru bayan shekarar farko, kuma waɗanda suka ji haka sun fi zama a makaranta, makinsu ma ya ɗaga. Idan ke ma kin taɓa faɗuwa wani abu a rayuwa, yanzu ne lokacin ba ta labarin.

Kwas ɗaya zai iya lalata masa digiri?

Da wuya. Mu yi lissafi da ma'aunin maki 5, inda A ke da 5, B ke da 4, C ke da 3, F kuma sifili. A ce ya ɗauki kwas biyar, kowanne mai yunit 3, wato duka nauyinsu ɗaya a lissafin maki. Idan ya sami B a huɗu da C a ɗaya, matsakaicin makinsa, wanda ɗalibai ke kira GPA, zai zama 3.8. Idan C ɗin ta koma F, zai sauka zuwa 3.2. Raguwa ce mai zafi, amma a cikin zangon karatu takwas ko fiye, nauyinta yana ta raguwa.

Abubuwa uku ne suka fi cancantar damuwa. Na farko, ko kwas ɗin sharaɗi ne na shiga wani kwas na gaba, domin a nan ne ake samun ƙarin zango ko shekara. Na biyu, ko jimillar makin ta kusa layin da makarantar ke sa ɗalibi a matakin gargaɗi kafin kora. Na uku, tallafin karatu. A Amurka, misali, yawancin jami'o'i na neman mai karɓar tallafin gwamnatin tarayya ya riƙe 2.0 a ma'aunin 4, ya kuma kammala kusan kashi 67 cikin 100 na abin da ya yi rajista. Kowace makaranta da dokarta, kuma tana rubuce a littafin dokokin ɗalibai. Ku buɗe shi tare, ku karanta yadda ake lissafin kwas ɗin da aka maimaita, saboda wasu makarantu na goge tsohon maki, wasu kuma suna haɗa duka biyun.

Ba a kai ga jarrabawar ƙarshe ba tukuna. Akwai sauran abin yi?

Akwai, amma lokaci ne jarinsa. Ya zauna ya lissafa makin da ya tara a gwaje-gwaje da jinga, da abin da ya rage, ya ga ko tsallakewa tana yiwuwa. Ya je ofishin malamin a lokacin ganin ɗalibai, riƙe da takardar gwajin da ya faɗi, ya ce, "Malam, ga inda na ɓata, ina so in gane kuskurena." Wannan ya sha bamban da zuwa roƙon maki, kuma malamai sun san bambancin. Ya ga jami'in da ke ba ɗalibai shawara a sashensu. A makarantu da dama ana iya janyewa daga kwas kafin wata rana da aka sa, ba tare da an rubuta F ba, kuma mai rashin lafiya ko wanda aka yi wa rasuwa yana iya neman a ɗaga masa jarrabawa idan ya kawo shaida. Duk waɗannan ƙofofi suna da ranar rufewa, shi ya sa ɓoyewa ta fi faɗuwar kanta tsada.

In kira malamin da kaina?

A'a. Ka taya shi tsara abin da zai faɗa, har ku gwada maganar a waya idan yana jin tsoro, amma ƙafarsa ce za ta taka ofishin. A Amurka ma doka ce ta shata layin: dokar FERPA ta 1974 ta mayar da iko kan bayanan karatu hannun ɗalibi da zarar ya cika 18 ko ya shiga jami'a, sai a wasu keɓantattun halaye kamar barazana ga lafiya. Ko inda babu irin wannan doka, uban da ke shiga tsakanin ɗansa da malami yana gaya wa ɗan, ba da baki ba, cewa bai yarda zai iya ba. Holly Schiffrin da abokan aikinta sun tambayi ɗaliban jami'a 297, suka ga waɗanda iyayensu ke juya musu komai sun fi fama da ƙuncin zuciya da rashin gamsuwa da rayuwa.

Neman hanya ta bayan fage don a gyara maki kuwa, kada ma a fara. Yana iya jawo wa yaron kora, kuma darasin da zai ɗauka daga gare ka ya fi F muni.

Wuri ɗaya ne nake ganin dole iyaye su miƙe tsaye: idan wani na neman kuɗi ko lalata kafin ya ba da maki, ko yana tsangwamar ɗalibi. A nan ku tsaya a bayan ɗanku ko 'yarku, a adana shaida, a kai ƙara a rubuce ga hukumar makaranta.

Ta yaya zan gane sakaci ne ko wani abu ne ke damunsa?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka tambaya za ki yi, ba zargi ba. Yana zuwa lacca? Ƙarfe nawa yake kwanciya? Yana cin abinci? Da wa yake zama? Kwas ɗaya ne ko duka suka yi ƙasa? Kwas ɗaya yakan nuna matsalar fahimta ko ta malami. Idan duka suka zube lokaci guda, a duba rayuwarsa: rashin kuɗi, aikin da ke cinye lokacinsa, soyayyar da ta watse, caca ta waya, shaye-shaye, ko ciwon da ba a gani.

Kada a raina na ƙarshen nan. Wani bincike ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 2018 ya tambayi 'yan shekarar farko kusan 14,000 a jami'o'i 19 na ƙasashe 8, kuma kusan kashi 31 cikin 100 sun nuna alamun wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin shekarar da ta gabata. Yaron da ya daina wanka, yake kwana ya wuni a ɗaki, ya janye daga abokai, ba malalaci ba ne, likita yake buƙata. Idan kika ji yana cewa shi nauyi ne a kanku, ko gara ba ya raye, ki ajiye zancen maki gaba ɗaya. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, a sami wanda zai zauna da shi, a kai shi asibiti a ranar.

In rage masa kuɗi don ya shiga hankalinsa?

Kuɗin abinci, na wurin kwana da na littafi ba sanda ba ne. Mai jin yunwa ba ya karatu. Amma sharaɗi yana da kyau idan an yi shi a fili kuma a kan abin da yake hannunsa: halartar lacca, ganin malami, nuna muku sakamako da kansa kowane zango. "Sai ka kawo A" ba sharaɗi ba ne da zai iya lamunta.

Sai daga baya na gano ta daɗe tana ɓoye mini.

Wannan ya fi faɗuwar ciwo, na sani. Ki raba maganar biyu, kada ki haɗa su a zama ɗaya. Ta karatu a gyara ta da gaggawa saboda ranakun rajista ba sa jira. Ta amana kuma ki faɗa mata ƙarara cewa ta ɓata miki rai, sannan ki yi mata tambayar da ke da wuyar yi: "Me kika ji tsoron zai faru idan kin gaya mini?" Ki shirya jin amsar da za ta taɓa ki. Yawanci ba rainin iyaye ke sa ɓoyewa ba, kunya ce da tsoron zubar da mutuncin gida, musamman ga wadda aka saba nunawa ana cewa ga abin koyi.

Ya maimaita kwas ɗin ya sake faɗuwa. Ko fannin ne ba nasa ba?

Yana iya yiwuwa, amma a fara duba ko wani abu ya canja a karo na biyu. Idan da hanyar da ya bi a farko ya sake bi, ba a gwada komai ba tukuna. Idan kuwa ya halarci lacca, ya nemi taimako, ya yi tambayoyin shekarun baya, kuma kwasakwasan da su ne ƙashin bayan fannin suka ci gaba da kayar da shi alhali yana haskakawa a wasu, to a zauna a yi maganar da aka daɗe ana gudu: wa ya zaɓi wannan fanni, shi ko ku? Iyaye da yawa sun yi mafarkin likita ko injiniya tun yaron yana goye, kuma sauke wannan mafarki yana da zafi. Sai dai sauya sashe yakan buƙaci wani mafi ƙarancin maki, kuma kowane zangon da aka ƙara ana jan jiki yana rage makin da ɗalibin ke da shi. Ya je wurin jami'in ba da shawara tun kafin rajistar zango mai zuwa, ya tambayi sassan da za su karɓe shi da makin da yake da shi yanzu, da kuma kwas nawa cikin waɗanda ya riga ya ci za a ƙirga masa a can.