Gadar Neja ta Asaba da Onitsha

Gadar Neja gada ce ta ƙarfe a kan kogin Kwara, wadda ta haɗa Asaba, babban birnin jihar Delta, da Onitsha a jihar Anambra. Tsawonta ya kai kimanin mita 1,400. Kafin a gina ta, jirgin fito ne ke ƙetarar da mutane da motoci tsakanin garuruwan biyu.

Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya yi binciken farko, kamfanin Dumez na Faransa kuma ya yi ginin daga 1964 zuwa ƙarshen 1965. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya buɗe ta, 'yan makonni kafin juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 da ya yi ajalinsa.

Ko shekara biyu ba ta cika ba yaƙin basasa ya rutsa da ita. Ta kanta sojojin Biyafara suka bi a watan Agusta 1967 suka mamaye yankin Tsakiyar Yamma. Da aka fatattako su, sai suka tarwatsa ɓangaren gadar da ke gefen Onitsha da nakiya don kada a biyo sawunsu. Runduna ta biyu ta sojojin tarayya ƙarƙashin Murtala Muhammed ta isa Asaba a Oktoba, inda sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan fararen hula. Murtala ya nace sai an ƙetare ta ruwa; aka yi ta gwadawa, jiragen na shan wuta daga waccan gaɓar, aka yi asarar sojoji masu yawa. Onitsha ba ta faɗa hannun sojojin tarayya ba sai Maris 1968, bayan rundunar ta zagaya ta Idah. An gyara gadar bayan yaƙi.

Daga nan babbar matsalarta ita ce nauyi. Tireloli, tankoki da manyan motocin shanu da albasa daga Arewa duk nan suke bi, kuma lokacin Kirsimeti matafiyi kan shafe sa'o'i a cunkoson bakin gadar. Gwamnatoci sun daɗe suna alkawarin gada ta biyu, musamman in zaɓe ya matso. Goodluck Jonathan ya aza harsashinta a 2014, Julius Berger ya yi aikin, Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita ranar 23 ga Mayu 2023. Tsawonta kilomita 1.6 ne, tana kudu da tsohuwar, wadda har yau ake amfani da ita.